Ranar da Anka Tambaye Ni Halin Ɗana a Zariya

Tun da na dawo daga Zariya ban samu sakat ba. In na zauna rumfar Idi mai nama, tambaya. In na fito masallaci, tambaya. Yaya ƙasar Ingilishi? Da gaske ne kowa na da mota? Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labari sai ya je ya ƙara nashi. Don haka na zauna na rubuta da ɗan karatun da anka bari na yi. Wanda ya iya ya karanta ma wanda bai iya ba, a ƙyale ni in sha furata.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Filinge ne. Na shiga lakwal, wato makarantar boko, zamanin Nasara, anka kore ni kafin in kai ƙarshe, wai kaina ya yi tauri. Tun daga nan nake ma'aikatar dabbobi, ina riƙe ƙahon sa ana yi mishi allura. Da anka samu 'yancin kai anka ce ɗiyanmu ne za su zama likitocin. Waɗanda ke zaune bayana a aji yau suna Yamai cikin motoci masu tuta, ni ina nan riƙe da ƙaho. Fari ya zo ya kwashe shanun, ko ƙahon riƙewa ya yi wuya.

Wanda na raka ɗana ne na fari. Kun san al'ada: da anka yaye shi anka ba yayana Gado, can ya girma. Ba na kiran sunanshi, ba na zama tabarma ɗaya da shi, in zan aike shi sai in ce ma wani, "Gaya ma wancan." Shi kuma Baba Ƙarami yake ce mini, kamar sauran ɗiyan Gado. Ya ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, a Yamai, amma ta sashen adabi: Faransanci, tarihi, Ingilishi. Ba shi ya zaɓa ba. Wasu ne ke zama ofis su raba yara, sunka ce ajin kimiyya ya cika. Na san ɗiyan su wa sunka cika shi. Shi kuwa likitan dabbobi yake son zama. A Yamai anka ce mishi wanda bai yi shimi, wato ilimin sinadarai, da fizik da ilimin halittu ba, ba ya da hanya. Sai dai ya karanta shari'a ko ya kama alli. Ya ƙi.

Sai saƙo ya zo daga Alhaji Namata, dillalin shanu, Bakurfe ne, ɗan ƙasarmu Kurfai, da ya daɗe a Zariya. Ya ce jami'ar can na da ajin share fage na shekara guda, ana cusa ma yaro kimiyyar da bai yi ba, in ya ci a wuce da shi. Guraben kaɗan ne, kuma baƙo daga wata ƙasa sai babbanshi ya zo da ƙafarshi ya tsaya mishi. Aikin Gado ne wannan. Amma Gado ya kora sauran shanunmu kudu lokacin yunwa, bai dawo ba, can wajen Gaya anka rufe shi. Sai ni.

Mun tashi bayan an fara yankan hatsi, cikin motar wani Bazabarme, Hima. Ni gaba kusa da direba, yaron can baya bisa buhunan wake. Har munka kai Baleyara ba wanda ya san tare muke. Wata tsohuwa ma ta ce mini, "Malam, dubi yaron can mai littafi, tun safe bai sa komai bakinshi ba, ko ba ya da kowa?" Na sayi kopto, kwaɗon ganye, na ba ta, na ce ta miƙa mishi don Allah. Ta yi ta sa mini albarka, wai irina sun yi ƙaranci.

Bayan Bankuku motar ta nutse cikin yashi. Hima ya sauko ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya zagi gwamnatin da ta yi alkawarin hanya, sannan ya ce kowa ya tura. Mun tura. Ƙasusuwan shanu har yanzu na nan zube gefen hanya, da su munka tokare taya. Wani Bafillace da ke cikinmu ya ƙi taɓawa, ya koma gefe ya zauna har munka gama.

Yamai ba ni da abin faɗa a kanta, kun san ta. Mun bi Doso da Dogonduci munka isa Ƙonni. Nan wani jandarma da na haifi kamarshi ya duba takardunmu, ya yi mini magana da Faransanci irin wanda ake yi ma yaro. Na amsa mishi da Hausa. Ya sake da Faransanci. Daga hancinshi na san Ba'adare ne, uwarshi ba ta taɓa jin kalmar Faransanci ba. Ya ajiye mu rana har ya ga ya isa.

Da munka tsallaka Illela, ɗan duwan na can, kwastan suke ce musu, ya buɗe jakata ya iske cukun da na ɗauko ma Alhaji. Ya ɗaga ɗaya yana jujjuyawa.

"Baba, wannan fata ce ko takalmi?"

"Nono ne."

"Nono? Ku mutanen Faransi ba abin da ba za ku busar ba."

Ya gutsura, ya tauna, ya tauna, sai ya ɗebi biyu ya sa aljihu, ya ce bincike ne. Ban ji haushi ƙwarai ba. Aƙalla da Hausa ya cuce ni.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a ƙasar. Ɗan sanda Hausa, akawu Hausa, har jarida da Hausa. A tashar Sakkwato na ga mai sayar da goro ya buɗe jarida yana karanta ma abokanshi, suna gardama da abin da gwamna ya ce. Mu kuwa sai ka je ofis ka tsaya gaban ɗan maƙwabcinka kana neman tafinta. Maganar Sakkwatawa kamar tamu ce, ba wanda ya waiwaye mu. Daga Gusau ne anka fara dariya in na buɗe baki. A Funtuwa mai shayi ya ce, "Basakkwace, me za a kawo?" Na ce ni Bakurfe ne. Ya ce bai san garin ba. Na ce ba gari ba ne, ƙasa ce. Ya ce to, Allah ya raya ta.

Shayin nasu ma abin magana ne. Ba a zama a dafa shi a jira kamar namu. Ruwan zafi ne cikin babban kofi, a tsiyaya madarar gwangwani, a ba ka burodi, ka sha a tsaye kamar wanda ake kora. Hanya kuwa kwalta ce sumul, amma ban taɓa ganin gawar mota da yawa haka ba, dama da hagu. Direbanmu na gudu yana nuna mana su, yana faɗin sunan mai kowace.

Alhaji Namata ya sauke mu gidanshi kusa da karar shanu. Ya yi ƙiba, Hausarshi ta koma ta Zazzagawa, amma da ya ga cuku sai da idonshi ya kawo ruwa. Matanshi ba mu gan su ba har munka baro. Can mace ba ta fita, murya kawai kake ji bayan katanga, sai kwano ya fito. Na tuna tawa tana can gona da lauje. Ranar farko anka kawo sakwara, doya ce dakakkiya, da miya mai barkonon da ya sa na yi ta sharɓe. Na tambayi fura, anka kawo wata mai ruwa-ruwa da sukari. Na sha don kada in ɓata ma mai gida.

Ya ba mu ɗaki ɗaya ni da yaron. Na ce a'a. Alhaji ya ce, "Har yanzu kuna wannan abin?" Na ce muna yi. Yaron ya ɗauki tabarma ya koma zaure.

Jami'ar gari ce guda. A bakin ƙofa na ga mai gadi da rawani har hanci, na ce wannan namu ne. Agali sunanshi, Buzu daga wajen Abala. Na san babanshi, na taɓa riƙe raƙumansu ranar allura, sai da munka wuni ba mu gama ba. Yanzu sanda ce hannunshi, yana ɗaga ƙarfe motoci na wucewa. Mun gaisa, ba wanda ya tambayi wani dabbobi. Shi ya nuna mana ofishin.

Mai kula da ajin share fagen Ba'indiye ne, ɗan siriri mai furfura, Dakta suke ce mishi. Ba ya jin Hausa. Akawunshi, Mista Josef, mutumin kudu ne da ya koyi Hausa a kasuwa, shi ne tafinta. Dakta ya duba takardun yaron, ya yi mishi tambayoyi da Ingilishi, yaron na amsawa, har na ga mutumin na gyaɗa kai. Ashe sashen adabin da anka jefa shi ya yi rana, ya ba shi Ingilishi. Sannan Dakta ya juyo kaina.

Josef ya ce, "Ya ce kai ne babanshi?"

Yaron na tsaye nan gefena. Na ce, "Ɗan yayana ne."

"Ina yayan?"

"Ya rasu."

"Ya ce mene ne cikakken sunan yaron?"

Na ce, "Yana cikin takarda."

Dakta ya dube ni ta saman tabarau. Ya yi doguwar magana. Josef ya ce, "Ya ce abin da wasu suka koya a shekara uku, wannan zai koya a ɗaya. Ba wasa ba ne. Masu nema sun fi guraben yawa. Ya ce kai ka san shi tun yana ƙarami, yana da ƙoƙari?"

To, ku da ke karanta wannan, me za ku ce? Wa ya taɓa jin uba ya yabi ɗan farinshi, gaban baƙo, yaron na ji? Na faɗi abin da babana zai faɗa, abin da kowane ɗayanku zai faɗa. Na ce, "Wannan? Haka nan dai. Ba ya da wani kirki, barci ya fi yawa. Sai dai Allah ya shirya."

"Ya ce ya san dabbobi?"

"Ko bindin saniya bai iya riƙewa ba."

A Filinge duk wanda ya ji wannan ya san yabo ne ya kai ƙarshe. Josef kuwa ya juya ya zuba mishi shi da Ingilishi, tsaf, ba ragi. Na gane don na ga fuskar Dakta ta sake. Yaron na jin harsunan biyu. Da kalma ɗaya zai gyara. Amma yaya zai ƙaryata ni a gabana? Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminshi. Dakta ya haɗa takardun ya miƙo. Josef ya ce, "Ya ce ya gode da gaskiyarka. Ba kowane mai riƙo ke faɗin gaskiya ba. Ya ce ba zai ba malalaci gurbin da wani ke kuka a kai ba."

Mun fito. Yaron na gaba, ni ina baya, har gida.

Alhaji da ya ji, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina. Ya ce, "Kai, Ba'indiye ka yi ma kunya? Ba'indiye ya san Gado ne? Nan in ka kawo sa kara ka ce ramamme ne, ramamme za a saya."

Na ce, "Ɗa ba sa ba ne."

Ya ce, "A ofis sa ne. Ka koma gobe."

"In ce me?"

"Ka san abin da za ka ce. Ka fi kowa sani, shi ya sa kake fushi."

Ban yi fushi da kaina ba, kada wani ya ce na ce haka. Abin da anka koya mini na yi. Na yi fushi da ƙasar da mutum zai tsufa bai iya magana da kyau ba sai ta bakin wani, da waɗanda sunka cika ajin kimiyya a Yamai har ta kai mu ga roƙon Ba'indiye. Amma fushi ba ya mai da yaro aji. In munka koma haka, ofis zai shiga ya yi ta buga hatimi har ya mutu, kuma ni na sa.

Washegari Josef ya ce Dakta ba ya ganin kowa, an gama. Munka koma bakin ƙofa wurin Agali. Ya ce Dakta bisa keke yake fita cin abinci da azahar, kuma dole ya tsaya a ɗaga mishi ƙarfe. Ya ce, "Yau hannuna na ciwo, ƙarfen zai yi nauyi." Haka anka yi. Dakta ya iso, ƙarfe bai tashi ba, na kama kan keken. Ban san me ya gani a fuskata ba, ya ce mu same shi ofis da la'asar.

Da munka shiga na ce ma Josef, "Gaya mishi ina da magana, amma yaron ya fita."

Dakta ya girgiza kai. Josef ya ce, "Ya ce jiya a gabanshi ka ɓata shi. In akwai wata magana, a gabanshi za ka yi ta."

Na nemi yaron ya juya baya aƙalla. Shi da kanshi ya riga ya juya, yana fuskantar allo. Ni kuma na fuskanci taga. Josef na tsakiya yana kallonmu kamar mahaukata.

Na ce jiya ƙarya na yi. Na ce ba ɗan yayana ba ne, nawa ne, ni na haife shi, shi ne na fari. Anka ce in faɗi sunanshi. Na faɗa. Tun ranar da liman ya raɗa shi bai fita bakina ba sai ranar nan, kuma ba zan rubuta shi nan ba.

Na ce shekarar yunwa, da anka ba su hutu, 'yan ajinsu sun zauna Yamai inda ake rabon abinci, shi ya bi sawun Gado da ƙafa har kudu. Shi ya rufe Gado. Shi ya koro shanun da sunka rage ya kawo gida, ƙafafunshi sun fashe har ba ya iya sa takalmi. Na ce duk saniyar da ta faɗi a hanya sai ya farke cikinta ya duba, ya iske yashi da tsumma, ya zo yana tambayar ma'aikatanmu me ya sa wasu ke mutuwa bayan ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Ba wanda ya iya ba shi amsa, har babban namu. Na ce littafin lissafin 'yan kimiyya ya aro, damina guda yana fama da shi shi kaɗai a bukkar gona, ina ganinshi daga nesa ina yi kamar ban gani ba. Na ce a Kurfai kaf ban san yaro kamarshi ba, kuma na san yaran Kurfai.

Josef na juyawa, muryarshi ta yi ƙasa. Da ya gama Dakta ya yi tambaya ɗaya.

"Ya ce to me ya sa jiya ka ce malalaci ne?"

Na ce, "Gaya mishi haka muke yi."

Dakta ya yi magana da yaron kai tsaye. Daga baya yaron ya gaya ma Alhaji, Alhaji ya gaya mini: wai ya ce su ma can ƙasarsu uwarshi ba ta taɓa kiran sunan babanshi ba har ta mutu, shi da kanshi ya kamata ya gane tun jiya. Amma ya ce labari ba ya shigar da mutum ajinshi. Ya zaunar da yaron nan take ya ba shi lissafi ya yi. Ni anka fitar da ni waje. Na zauna bisa dakali ina jin kamar an tuɓe ni tsakiyar kasuwa.

An ɗauke shi, bisa sharaɗi. Zai yi shekarar, a gwada shi farkon damina. In ya ci shimi da fizik da ilimin halittu duka, ya wuce karatun likitan dabbobi. In ya faɗi ko ɗaya, ya tattara ya koma gida, ba maimaici. Alhaji ya ce zai riƙe shi kamar nashi.

Kwanakin da na ƙara yi a Zariya sun fi tafiyar duka wuya. Da can mun san yadda muke zama: shi can, ni nan. Yanzu ya ji abin da ya ji, na san ya ji, ba mu san inda za mu ajiye ido ba. In na shigo zaure ya fita, in ya shigo na fita. Alhaji ya ce mun fi sabbin surukai.

Ranar komawa shi ya ɗauki jakata zuwa tasha. Ya sa ta cikin mota, ya samo mini wuri kusa da taga, ya tsaya nan ƙasa hannu a baya. Ba Alhaji, ba wanda zan ce ma "gaya ma wancan." Direba ya tada mota. Na leƙo, na dube shi sosai, na ce, "Kai. Ka ci shimin nan. In ka faɗi, na zubar da mutuncina gaban Ba'indiye a banza, kuma ba zan sake ba."

Ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarshi daga kusa ba. Irin ta Gado ce, da kafaɗa. Ya ce, "To, na ji." Motar ta ja, na mai da kaina ciki.